Kiyaye Shaidar Binciken Hatsari: Amfanin Ajiye Kwafi a Wuri Mai Nisa

Ranar Lahadi, 3 ga watan Yuni na shekarar 2012, wani jirgin sama na kamfanin Dana Air da ya taso daga Abuja ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga, gab da ya isa filin jirgin saman Legas. Mutum 153 da ke cikinsa duka suka rasu, tare da waɗansu mutum 6 da ke ƙasa. Da wuta ta lafa, masu bincike suka tono akwatuna biyun nan da ake sa wa kowane babban jirgi domin naɗar abin da ke gudana a cikinsa, aka kai su Amurka don a karanta. Na farko, watau mai ɗaukar magana, ya ba da kimanin minti 31 na zancen matuƙa. Na biyun kuwa, wanda ke riƙe da lissafin gudun jirgin da aikin injunansa, zafin wutar ya narkar da zaren kaset ɗin da ke cikinsa, ba a sami komai ba. Sai a shekarar 2017 rahoton ƙarshe ya fito, bayan an yi ta harhaɗa labarin daga muryoyi da tarkacen injuna da takardun gyara.

Shekara bakwai kafin wannan, a daren 22 ga Oktoba, 2005, jirgin kamfanin Bellview mai zuwa Abuja daga Legas ya faɗi a ƙauyen Lisa cikin Jihar Ogun, ɗauke da mutum 117. Shi wannan ko akwati ɗaya ba a samu ba. Rahoton da ya fito a 2013 bai iya tabbatar da ainihin abin da ya kayar da jirgin ba. Iyalan mamatan ba su sami cikakkiyar amsa ba, masu tuƙa irin wannan jirgi kuma ba su sami darasin da zai tsare su ba.

Abin da al'amuran nan biyu ke nunawa shi ne, shaidar da take a wuri ɗaya tak ita kanta tana cikin hatsari. Wannan darasi zai bayyana yadda ake kiyaye irin wannan shaida, da dalilin da ya sa ake ajiye kwafinta a wani gari dabam, da kuma shirin da ya wajaba kowace ma'aikata ta yi tun kafin bala'i ya auka mata.

Abin da ake kira shaida

Mutane da yawa, in an ambaci binciken hatsarin jirgi, baƙin akwati kaɗai ke faɗo musu a rai. Alhali kuwa shi yanki ne kawai. Akwai maganganun da aka naɗa tsakanin matuƙi da ma'aikatan hasumiyar filin jirgi, da alamun tafiyar jirgin a na'urar hangen jirage, da rahoton yanayin sama na wannan sa'a, da takardun gyara, da takardar nauyin kaya, da samfurin man da aka zuba, da bayanin waɗanda suka gani da idonsu. A hatsarin mota akwai sawun taya a kan kwalta, da hotuna, da awon da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya da 'yan sanda ke yi, da rahoton likita. Jiragen ƙasa na zamani da manyan jiragen ruwa su ma suna da na'urorinsu na naɗar bayanai. A kwalekwale kuwa, sau da yawa takardar sunayen fasinjoji ita ce kaɗai shaida, in ma an rubuta ta.

Yawancin waɗannan abubuwa gajeren rai gare su. Ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke sawun taya. Mai shaida yakan fara gauraya abin da ya gani da abin da ya ji a bakin mutane kafin mako ya zagayo. Maganganun hasumiya, ƙa'idar duniya ta ce a riƙe su aƙalla kwana 30, sai fa in an yi hatsari, sa'an nan a keɓe su har bincike ya ƙare. Na'urori da dama kuma suna naɗar sabon abu ne a kan tsoho. A ranar 5 ga Janairu, 2024, wani marfi da ya toshe gurbin ƙofa ya fice daga jikin jirgin Alaska Airlines a sararin Amurka. Jirgin ya sauka lafiya, amma ba a yanke wa na'urar ɗaukar magana wuta da wuri ba. Ita kuwa sa'a biyu kawai take riƙewa, saboda haka ta shafe zancen da ake bukata ta naɗi wani a kansa. Babu gobara, babu ruwa, babu ɓarawo. Jinkiri kaɗai ya cinye shaidar.

A Nijeriya, Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006 ce ta kafa hukuma mai zaman kanta don binciken haɗurran jiragen sama. A shekarar 2022 wata sabuwar doka ta faɗaɗa aikin, ta kafa hukumar da ake kira NSIB a taƙaice, wadda ikonta ya haɗa da jiragen sama da na ƙasa da na ruwa. A fannin jirgin sama ana bin ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944. Rataye na 13 na wannan yarjejeniya ya faɗi a fili cewa manufar bincike ita ce hana aukuwar wani hatsarin, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Ya kuma bukaci a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda in da hali.

Sulken baƙin akwati da iyakarsa

Akwatin da ake kira baƙi, a gaskiya launin ruwan goro mai haske gare shi, don a hango shi cikin tarkace. Wani masani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna David Warren na cikin waɗanda suka fara ƙera shi a shekarun 1950. Na zamanin yanzu ba su da zaren kaset, sai ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake nannaɗe su da abin tare zafi, a rufe cikin ƙarfe mai kauri. Kafin a yarda da irinsu sai an gwada su da bugu mai ƙarfin nauyinsu sau 3,400, da wuta mai zafin digiri 1,100 har tsawon sa'a guda, da matsin ruwa irin na zurfin mita 6,000. Mai lissafin tafiya yana riƙe sa'a 25. Mai ɗaukar magana a da minti 30 yake riƙewa, aka mai da shi sa'a biyu, sababbin manyan jirage kuma an fara sa musu mai sa'a 25.

Duk da wannan sulke, akwatin na tafiya ne tare da jirgin, inda jirgi ya faɗa nan shi ma zai faɗa. Ranar 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France mai zuwa Faris daga Birazil ya nutse a tsakiyar tekun Atilantika da mutum 228. Sai a watan Mayu na 2011 aka ciro akwatunansa daga zurfin kusan mita 3,900. To, a tsawon shekara biyun nan masu bincike ba su zauna hannu rabbana ba, domin a mintocinsa na ƙarshe jirgin ya aika da gajerun saƙonni 24 da kansa, ta tauraron ɗan'adam, zuwa sashen gyara na kamfanin. Daga cikinsu aka gane cewa na'urorin awon gudu sun daina ba da lissafi daidai, aka kuma gaggauta canza irin waɗannan na'urori a sauran jirage tun ba a ga akwatin ba. Saƙonnin nan ba komai ba ne illa ɗan ƙaramin kwafi da ya riga ya bar jirgin kafin ruwa ya haɗiye shi. Haka kuma jirgin Maleshiya da ya ɓace ranar 8 ga Maris, 2014, da mutum 239: ɗan abin da aka sani game da inda ya nufa ya fito ne daga lissafin da kamfanin tauraron ɗan'adam ya ajiye a ƙasa. Saboda waɗannan darussa ne hukumar duniya ta tsara cewa a riƙa sanin inda babban jirgi yake duk minti 15 a kan teku, sababbin jirage kuma su riƙa aika matsayinsu duk minti ɗaya in sun shiga matsala.

Daga cikin sulke zuwa kan tebur

A nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci take, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Ranar da injiniya ya buɗe akwati a ɗakin gwaji, a Abuja ne ko a wata ƙasa, ya juye abin da ke ciki zuwa kwamfuta, daga wannan rana bayanan sun tuɓe sulkensu. Faifan kwamfuta ba ya jure faɗuwa daga kan tebur, balle wutar digiri dubu. Takardun bayanin shaidu suna cikin kabad, hotuna suna cikin wayar jami'i, samfurin mai yana cikin sito. Abin da ya tsira daga faɗuwar jirgi yana iya salwanta saboda tartsatsin waya a silin, ko rufin da ke yoyo, ko gara, ko ɓarawon da kwamfutar kawai yake so ya sayar.

Wannan ba zato ba ne. A watan Yuli na 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojojin Amurka da ke birnin San Luwis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, babu kwafin ko ɗaya. A nan gida, dogon benen sadarwa na NET da ke Legas ya kama da wuta a watan Janairu na 1983, benen Cocoa House na Ibadan kuma a Janairu na 1985. A shekarar 2005 guguwar Katrina ta cika ɗakunan ajiyar shaida na kotun birnin New Orleans da ruwa, domin a ƙarƙashin gini aka ajiye kayan. Wanda zai ce ai wannan zamanin takarda ne, sai ya dubi abin da ya faru a Koriya ta Kudu ranar 26 ga Satumba, 2025. Batir ya kama da wuta a cibiyar ajiyar bayanan gwamnati da ke birnin Daejeon, ɗaruruwan hidimomin gwamnati suka tsaya. Yawancinsu an maido da su sannu a hankali, amma wani rumbun da ma'aikata ke zuba takardun aikinsu, mai ɗauke da kimanin terabait 858, ya tafi, saboda an ga girmansa ya yi yawa ba a yi masa kwafi a wani wuri ba. Ƙasa ce da ta yi nisa ƙwarai a fasahar zamani, amma wuta ba ta duba wannan ba.

Uku, biyu, ɗaya

Masana ajiyar bayanai suna da wata ƙa'ida mai sauƙin haddacewa. A riƙe kwafi uku na duk abin da ba a son rasawa. A sa su a kan ma'ajiya iri biyu dabam-dabam, misali faifan kwamfuta da kaset na musamman, don kada cuta ɗaya ta kama su duka. Ɗaya daga cikin ukun kuma lalle ya kasance a wani wuri mai nisa. Manomi ya riga ya san wannan hikima. Mai hankali ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbun da ke jingine da ɗakin girki. Yakan rataye wani a wani ɗaki, ya kuma ba ɗan'uwansa na wani ƙauye ajiyar wani.

Kaset ɗin da ake magana ba irin na waƙa ba ne, ko da yake asalinsu ɗaya. Guda ɗaya daga cikin na zamani, wanda bai fi tafin hannu ba, yana ɗaukar terabait 18, yana kuma iya shekaru masu yawa in an ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima. Babban amfaninsa shi ne, da zarar an zare shi an sa a kabad, ba ya haɗe da kowace waya. Wannan yana da muhimmanci saboda wata sabuwar annoba, watau 'yan damfarar intanet masu garkuwa da bayanai. Sukan kutsa cikin kwamfutocin ma'aikata su kulle duk abin da ke ciki, su ce sai an biya fansa. Abin da suke fara nema shi ne kwafin ajiya, domin sun san in yana nan ba wanda zai biya su. Kwafin da ba ya jone da komai, hannunsu ba ya kai masa.

Kayan da ba na lantarki ba su ma ana iya yi musu kwafi gwargwado. Takarda ana ɗaukar hotonta shafi-shafi tun ranar da ta shigo hannu. Samfurin mai ana raba shi biyu, a rufe, a ajiye a wurare biyu. Filin hatsari ana ɗaukarsa daga sama da ƙaramin jirgi marar matuƙi kafin a taɓa komai. Har tarkace ma: hukumar bincike ta Amurka ta harhaɗa gangar jikin jirgin TWA da ya fashe a 1996, ta yi shekaru tana koyar da ɗalibai da shi, da ta tashi rabuwa da shi bayan 2021 sai da ta ɗauki siffarsa ta kowace fuska da na'ura ta adana.

Nisa nawa ne nisa?

Kwafin da ke ɗaki na gaba ba a wuri mai nisa yake ba. Wanda ke gini na gaba ma haka. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata babbar cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗansu abokan cinikinta suka tarar cewa kwafin da suka biya kuɗi a ajiye musu yana cikin ginin da ya ƙone tare da na asalin. Ma'aunin da ake bi shi ne, kada bala'i ɗaya ya iya shafar wuraren biyu. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban yanki na Maiduguri a dare ɗaya. Ofis biyu a unguwanni biyu na gari ɗaya, a irin wannan rana, wuri ɗaya ne. Haka nan garuruwa biyu da ke bakin kogi ɗaya, ambaliya ɗaya tana iya bi ta kansu duka, kamar yadda aka gani a bakin Neja da Binuwai a 2012 da 2022. Saboda haka ake son wuri na biyu ya zama a wata jiha, a kan tudu, da wutarsa dabam, da hanyar sadarwarsa dabam.

Akwai kuma ajiya a rumbunan intanet, inda ake hayar wuri a manyan cibiyoyi. Hanya ce mai kyau, domin kwafi yana tafiya da kansa kowane dare ba sai an ɗauki mota ba. Amma kada a ɗauke ta maganin komai. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma sun yanke, harkar bankuna da ofisoshi da dama a Nijeriya ta tsaya cik. Abin da ke wata nahiya yana nan lafiya, sai dai ba a iya kai hannu gare shi. Ya kamata kuma kowace ma'aikata ta san a wace ƙasa ake ajiye mata bayananta, da wa ke riƙe da mabuɗinsu.

Hatimi da amana

Bai isa a ce kwafi yana nan ba. Sai an iya tabbatar da cewa daidai yake da na asali, ba wanda ya taɓa shi. Alhazan Nijeriya ba za su manta da ranar 11 ga Yuli, 1991 ba, lokacin da jirgin haya da ya ɗauko su daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna rashin isasshiyar iska a tayoyi ne ya sa tayoyi biyu suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama. Da aka duba takardar gyara da kyau, sai aka ga an sauya lambobin awon iskar tayoyin. Da ainihin takardar ta ɓace, ko da an bar ta a hannun masu abin, da wannan gaskiya ba ta fito ba.

Shi ya sa abu na farko bayan hatsari shi ne a killace takardu da na'urori nan take. Kowane abu a ba shi lamba, a buɗe masa shafi a littafin miƙa kaya: wa ya tsince shi, a ina, da ƙarfe nawa, wa ya karɓa daga hannunsa. Ba a yin aiki a kan na asali, a kan kwafi ake yi. Ga bayanan kwamfuta kuwa akwai abin da za a kira hatimin lissafi. Na'ura tana bin fayil daga farko har ƙarshe ta fitar da wani jeri na haruffa da lambobi, mafi shahara mai guda 64. In aka canza ko ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin, jerin zai sauya gaba ɗaya. Ana rubuta wannan hatimi tun ranar farko, a ajiye shi dabam. Bayan shekara goma, in an ɗauko kwafi daga wani gari, sai a sake lissafin. In hatimi ya zo daidai, ba sauran gardama. Wannan yana da amfani har a gaban alƙali, domin Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki daidai.

Yawaita kwafi yana da nasa haɗarin, watau tonon asiri. A cikin akwatin magana akwai kalmomin ƙarshe na mutanen da suka san ajali ya zo. Akwai bayanin lafiyar matuƙa, da maganar shaidun da suka faɗi gaskiya bisa amana. Rataye na 13 ya hana sakin irin waɗannan sai da izinin hukumar da doka ta ba iko, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa kowace ma'aikata nauyin tsare sirrin mutane. In ma'aikaci ya ga abin da ɗan'uwansa ya faɗa wa masu bincike yana yawo a wayoyin jama'a, gobe shi ba zai buɗe baki ba. Don haka duk kwafin da zai bar ofis sai an kulle shi da mabuɗin sirri, yadda ko an sace shi a hanya ba zai karantu ba. Shi mabuɗin kuma a ajiye shi a hannun amintattu fiye da ɗaya, gama mabuɗin da ke kan mutum ɗaya yakan tafi tare da shi ranar da ya yi ritaya ko ya kwanta dama.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ajiye kwafi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne shirin farfaɗowa, watau rubutaccen tsari na abin da za a yi in an wayi gari ofis ya zama toka. Tambayoyi biyu ne shugaban ma'aikata zai amsa tun yanzu. Ta farko: aikin kwana nawa za a iya jure rasawa? In sau ɗaya a mako ake yin kwafi, gobarar daren Alhamis tana iya tafiya da aikin kwana shida. A makon farko na bincike, lokacin da shaida ke kwararowa, ko na yini ɗaya ya yi yawa. Ta biyu: cikin sa'a nawa ko kwana nawa ake so aiki ya dawo? Amsoshin nan biyu su ne ke nuna yawan kuɗin da za a kashe, ba akasin haka ba.

Tsarin ya ambaci wanda zai ba da umarni, da mataimakinsa in ba ya nan, da inda ma'aikata za su taru, da abin da za a fara maidowa. A buga shi a takarda a raba wa masu ruwa da tsaki, domin tsarin da ke cikin kwamfutar da ta ƙone ba zai taimaki kowa ba.

Sa'an nan a gwada. Wannan ne wurin da mafi yawan ma'aikatu ke faɗuwa. Sau da yawa na'ura takan yi watanni tana nuna alamar ta yi kwafi alhali faifan ya cika, ko ya lalace, ko kuwa fanko take juyewa, ba a sani ba sai ranar da ido ya raina fata. Ya kamata lokaci-lokaci a zaɓi wani tsohon fayil a maido da shi daga wuri mai nisa, a duba hatiminsa. Aƙalla sau ɗaya a shekara kuma a yi atisaye sosai, a ɗauka babban ofis ya tafi, a ga ko za a iya ci gaba da aiki daga wuri na biyu, kamar yadda filayen jiragen sama ke yin atisayen kashe gobara. Akwai kuma tsufan na'ura. Faifan da aka cika shekara ashirin da suka wuce yana iya zama lafiya ƙalau, amma babu sauran injin da zai karanta shi. Saboda haka duk bayan 'yan shekaru ake ƙaurar da bayanai zuwa sabuwar ma'ajiya.

Mai karatu zai iya tambaya, in rahoto ya fito, me ya sa za a ci gaba da wannan ɗawainiya? A watan Maris na 1991 wani jirgi ƙirar Boeing 737 ya kife ya faɗi a Colorado Springs ta Amurka, mutum 25 suka mutu, aka rufe bincike ba tare da gano dalili ba. A Satumba na 1994 wani irinsa ya faɗi kusa da Pittsburgh da mutum 132. A 1996 na uku ya yi irin wannan karkata, amma matuƙansa suka sauko da shi lafiya. Da aka ɗauko tsofaffin bayanan 1991 aka jera su da na baya, sai aka gano laifin wani bututun mai da ke sarrafa faifan wutsiya, wanda kan juya jirgi saɓanin abin da matuƙi ya nufa. A 2001 aka sake rubuta rahoton farko, aka kuma gyara dubban jirage irin wannan a duniya, har da masu ɗaukar 'yan Nijeriya. Shekara goma shaidar ta yi a ajiye kafin a fahimci abin da take faɗa.

Rabon jama'a

Kafin jami'i ya iso wurin hatsari, mutanen gari ne ke wurin. Aikin farko shi ne ceton rai, da kiran lambar gaggawa 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra in a kan hanya ne. Bayan an kwashe masu rauni, a bar kome inda yake. Guntun ƙarfen da yaro zai ɗauka ya kai wa 'yan gwangwan yana iya zama shi ne ƙusar da ta karye ta jawo hatsarin. Akwatin ruwan goro ba kuɗi a cikinsa, ba zinariya. Wanda ya tsince shi ya kai wa hakimi ko dagaci, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya kuma nuna daidai inda ya same shi. Masu unguwanni da limamai da shugabannin tasha suna da babban aiki wajen hana wawaso.

Wanda ya ɗauki hoto ko bidiyo da wayarsa, shi ma ma'ajin shaida ne. Kada ya goge, kada ya yanke, kada ya ƙara masa rubutu ko kiɗa. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rage haske, ya kuma rasa bayanin lokaci da wurin da aka ɗauke shi, saboda haka na asalin da ke cikin wayar shi ake bukata. Ya juye shi a wata ma'ajiya, ya sanar da masu bincike, ya bari su kwafa kai tsaye daga wayar, ya karɓi takardar shaidar abin da ya bayar. Hotunan gawarwaki kuwa ba na yaɗawa ba ne. A miƙa su ga hukuma kaɗai, saboda mutuncin mamatan da na iyalansu. Mai shago ko gidan mai da ke da kyamarar tsaro a bakin hanya, ya cire hoton wannan rana ya ajiye gefe tun a yinin, domin na'urarsa za ta naɗi wani a kansa cikin 'yan kwanaki.